Yadda ake zaɓen feda mai kama takalmi da kuɗi kaɗan

Wani ƙanena da muke fita da keke duk safiyar Asabar ya miƙo mini wayarsa muna zaune a teburin mai shayi, bayan mun juyo daga hanyar Gwarzo. Hoton feda ne a wani shagon intanet, ja da baƙi, an rubuta cewa irin ta 'yan tsere ce. Ya ce, "Yaya, duba wannan. Kuɗin ba yawa." Na tambaye shi da wane takalmi zai hau ta. Ya yi shiru. Na sake tambayarsa inda zai samo ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙasan takalmin idan wanda ya zo da ita ya cinye. Nan ma bai da amsa. Da ya biya kuɗin nan a ranar, da ya ajiye fedar a ɗaki wata da watanni tana shan ƙura.

Mai sayen irin wannan feda abu uku yake saya: fedar kanta, da ɗan ƙarfen ko robar da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi wanda ake kira kilit, da takalmin da ke da ramukan ɗaura shi. Idan ɗaya bai dace da sauran ba, babu abin da zai yi aiki. Kuma a cikin ukun, feda ce ta fi sauƙin zaɓe. Inda mutane suke asara shi ne takalmi da kilit.

Idan za ka nema a kasuwa ko a intanet, sunan da masu sayarwa suke rubutawa shi ne clipless. Sunan yana ruɗa mutane, domin ma'anarsa "marar maƙali", alhali fedar maƙale takalmi take yi. Dalili shi ne a da 'yan tsere suna zura yatsunsu cikin wani keji na ƙarfe a gaban feda su ɗaure da maɗaurin fata, sai sun sunkuya sun kwance da hannu kafin su sauke ƙafa. A 1984 kamfanin Look na Faransa, wanda ya saba ƙera makaman takalmin wasan zamiya a kan ƙanƙara, ya fito da feda mai sifirin da ke kama takalmi idan an taka, ta saki idan an murɗa dunduniya. Ɗan tseren Faransa Bernard Hinault ya ci gasar tseren keke ta Tour de France ta 1985 da ita, daga nan kejin ya fara ɓacewa. A 1990 Shimano na Japan ya fito da nasa tsarin mai suna SPD domin kekunan daji da duwatsu, kuma a kansa mafi yawan maganata za ta tsaya.

Da farko, ka duba irin hawan da kake yi

Feda mai kama takalmi ba ta mayar da mutum ɗan tsere. Amfaninta shi ne ƙafa tana zama wuri ɗaya kullum, ba ta zamewa idan ka faɗa rami ko ka hau burji mai gargada, kuma idan ka miƙe tsaye kana hawan tudu ko kana ƙara gudu, ba ka tunanin ƙafa za ta suɓuce. Mai tafiyar kilomita 30, 50 ko fiye zai ji bambancin. Wanda kekensa na zuwa kasuwa ne da makaranta, yana tsayawa duk bayan minti biyu tsakanin 'yan adaidaita sahu, feda shimfiɗaɗɗiya mai ɗan haƙora ta fi masa, ya riƙe kuɗinsa.

Sai ka tambayi kanka sau nawa kake sauka ka taka ƙasa a fita ɗaya. Mu dai muna tsayawa sallah, muna tsayawa shan ruwa, wani lokaci kwalta ta ƙare sai an tura keke cikin yashi. Wannan amsar ce za ta raba maka gardama a mataki na gaba.

Na biyu: rami biyu ko rami uku

Juya kowane takalmin keke ka dubi ƙasansa. Ko dai ka ga dogayen tsaga biyu a jere kusa da juna, ko ka ga ramuka uku a siffar murhu. Waɗannan su ne gidaje biyu na wannan harka.

Mai rami uku na 'yan tseren kwalta ne. Kilit ɗinsa babba ne, na roba mai tauri, yana fitowa waje a ƙasan takalmi. Fedar tana da faɗi, tana tallafe ƙafa da kyau, kuma ta fuska ɗaya kawai ake shiga. Shimano SPD-SL da Look Keo su ne suka fi yawa a nan. A kan keke babu abin da za ka ce da su. Matsalar tana farawa idan ka sauka: kana tafiya yatsu a sama dunduniya a ƙasa, a kan tayil kuwa santsi ne zalla, kuma tsakuwa da yashi suna cinye robar cikin ɗan lokaci. Ka kuma riƙe wannan da kyau: kilit na Look Keo ba ya shiga fedar SPD-SL, na SPD-SL ma ba ya shiga ta Keo, duk da cewa a takalmi ɗaya ake ɗaura su kuma daga nesa kamarsu ɗaya.

Mai rami biyu shi ne SPD da 'yan'uwansa. Kilit ɗin ƙaramin ƙarfe ne da bai wuce girman babban yatsan hannu ba, yana lumewa cikin wani gurbi a ƙasan takalmin, robar gefe ce ke taka ƙasa. Kana iya tafiya da shi kamar takalmin ƙwallo, ka shiga shago, ka taka zuwa wurin alwala. Yawancin fedar ana shiga ta fuska biyu, ba sai ka tsaya juya ta da yatsa ba. Ƙarfen yana daɗewa sosai, kuma taɓon damina ba ya toshe shi da sauri.

Shawarata ga duk wanda wannan ce fedarsa ta farko, ko da keken tsere siririn taya yake hawa, ya ɗauki rami biyu. Babu dokar da ta hana ɗaura SPD a keken kwalta, masu doguwar tafiya da yawa haka suke yi. Wanda ya riga ya shiga gasa, ba ya sauka sai ya gama, shi ne zai duba rami uku, kuma can ƙasan farashi akwai Shimano PD-RS500, wadda aka sassauta sifirinta domin sababbin shiga, da Look Keo Classic.

Na uku: zaɓen fedar kanta

A nan ne nake so hankalinka ya kwanta. Shimano PD-M520 tana cikin mafi arhar fedar SPD ta asali, ta daɗe a kasuwa, kuma yadda take kama takalmi ta sake shi kusan daidai yake da na manyan yayyenta. Nauyin guda biyun kusan giram 380 ne. Ta ƙololuwa a wannan gida, XTR, tana kusan giram 310, kuɗinta kuwa ya ninka sau da yawa. Bambancin giram 70 ne, bai kai ruwan da za ka kurɓa sau uku daga gorarka ba. Abin da ake biya a mai tsada shi ne ragin nauyi da ɗan ƙarin kyawun boris da murfin da ke hana datti shiga. Ga mai fita Asabar da Lahadi, M520 ta isa har ta yi saura. Sama da ita kaɗan akwai M540, mai sandar tsakiya da ta fi sauƙin kwancewa wajen gyara.

Idan keke ɗaya gare ka, shi ne na motsa jiki shi ne na aike, duba masu fuska biyu daban: gefe ɗaya SPD, ɗaya gefen shimfiɗaɗɗe da za ka taka da silifas. PD-EH500 da tsohuwar PD-M324 su ne misali. Suna da daɗi, amma ka sani cewa duk lokacin da za ka tashi sai ka laluba fuskar da kake so, kuma wannan lalube a tsakiyar shataletale ba abin wasa ba ne ga wanda bai saba ba. Akwai kuma masu ɗan firam kewaye da makamin, irin PD-ME700, waɗanda ke ba ƙafa wurin tsayawa ko ba ta shiga ba. Masu bin hanyoyin duwatsu irin na Jos za su so wannan.

Wasu kamfanonin Taiwan, irin Wellgo da VP, suna ƙera feda mai arha a kan tsarin rami biyu, da sunansu na gaskiya a jiki. Ba laifi a saye su. Sai dai ka yi amfani da kilit ɗin da suka zo da shi, domin ko da an rubuta cewa suna karɓar na Shimano, wani lokaci kamun ba ya zama daram. Crankbrothers Eggbeater tana da kyau a cikin taɓo, ana shiga ta fuska huɗu, amma kilit ɗinta na tagulla ne mai saurin cinyewa, ba a iya ƙara mata ƙarfin kamu ko a rage, kuma idan ya cinye sai ka yi oda ka zauna jira. Wannan jiran shi ne dalilin da nake karkata ga SPD: kilit ɗinsa ya fi kowanne yawa a duniya, ko a cikin kayan gwanjo ana tsintarsa.

Duk wadda za ka ɗauka, ka tabbata tana da ɗan notin daidaita ƙarfin sifirin, mai alamar + da − a gefensa. Sabon shiga yana bukatarsa.

Na huɗu: kilit

Fedar asali sabuwa tana zuwa da kilit biyu da notinsu a cikin kwali. Idan mai sayarwa ya ce babu, ka cire kuɗinsu daga farashin, ko ka fara shakkar kayan.

A SPD iri biyu ne aka fi sani. SM-SH51 baƙi ne, ba ya saki sai ka murɗa dunduniya gefe, kuma shi ke zuwa da M520. SM-SH56 mai launin azurfa ne, da harafin M a jikinsa, yana saki idan ka murɗa gefe ko ka fizga dunduniya sama a karkace. Ga mai tsoron faɗuwa, da mai yawan hawa cikin gari, SH56 rahama ne, domin a firgice mutum sama yake fizgar ƙafa. Wanda yake miƙewa ya ja feda da ƙarfi kuwa SH51 ya fi masa, kada ƙafa ta fita lokacin da bai shirya ba.

A rami uku launi ne ke nuna yawan sararin da dunduniya take da shi na karkatawa hagu da dama kafin feda ta saki. Na Shimano: rawaya digiri 6, shuɗi digiri 2, ja babu ko kaɗan. Na Look Keo: ja digiri 9, toka digiri 4.5, baƙi babu. Ka lura ja a gidan Shimano kishiyar ja ne a gidan Look. Sabon shiga ya ɗauki rawayan Shimano ko tokan Look. Wannan sararin shi ke ceton gwiwa, domin ƙafar mutum ba ta juyawa a miƙe sak kamar injin.

Na biyar: takalmi, inda ya kamata kuɗin ya tafi

Idan kasafinka ya kasu uku, ba takalmi kashi biyu. Feda mai arha ba za ta dame ka ba, amma takalmin da ya matse ka zai hana ka hawa gaba ɗaya. Ƙafa tana kumbura da zafi, kuma zafinmu na Maris da Afrilu ba ƙarami ba ne, saboda haka ka gwada da yamma, da irin safar da za ka riƙa sawa. Ya kasance akwai ɗan sarari gaban yatsu, dunduniya kuma ba ta ɗagowa idan ka yi ɗage. Yawancin takalman keke na Turai sirara ne, mu kuwa da muka tashi da silifas da takalmi sau-ciki ƙafarmu ta fi faɗi a gaba. Idan da hali ka nemi wanda aka rubuta mai faɗi ne, in babu ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba. Kada ka yarda da maganar "zai buɗe". Takalmin keke ba ya buɗewa kamar na fata.

Kama shi da hannu biyu ka gwada lanƙwasa shi. Ya kamata ƙasan ya yi tauri daga tsakiya zuwa inda kilit yake zama. Idan ya lanƙwashe kamar kambas, bayan awa ɗaya za ka ji ƙaramar fedar tana cin tafin ƙafarka a wuri ɗaya kamar garwashi. Ba ka bukatar ƙasan kabon mai tsada, nailan mai tauri ya wadatar. Igiya ko maɗaurin manne sun fi arha kuma sun fi sauƙin gyara a kan ɗan maballin nan da ake murɗawa, wanda idan wayarsa ta tsinke sai an nemo irinta.

Takalmin gwanjo yana iya zama sa'a, amma ka duba abu biyu. Ja ƙasan da ƙarfi ka ga ko gam ya saki, domin takalmin da ya daɗe a ajiye cikin zafi yana iya rabewa a fita ta farko. Sannan ka ɗaga shimfiɗar ciki ka dubi farantin ƙarfen da noti ke shiga: idan ya yi tsatsa ko zarensa ya cinye, kilit ba zai ɗauru ba. Wasu sababbin takalman suna zuwa da murfin roba a kan ramukan, sai an kwance shi ko an yanke.

Na shida: gane jabu da duba ta hannu

Jabun fedar Shimano sun cika shagunan intanet, har da kwali da tambari. Alama ta farko farashi ne: idan ya faɗi ƙasa da rabin abin da sanannun shaguna suke sayarwa, araha ba ta ado. Hatsarin jabu ba a fenti yake ba. Sandar tsakiya ce ke ɗauke da nauyinka duka idan ka miƙe, kuma idan ƙarfen banza ne ta karye kana gudu, sai dai a yi maganar asibiti. Gara Wellgo ta gaskiya da Shimano ta ƙarya.

Idan feda tana hannunka, sabuwa ko ta gwanjo, ga abin da za ka yi. Riƙe sandar da yatsu biyu ka juya jikin: ya juya sumul da ɗan nauyin giris, ba ƙarar yashi, ba kuma sakaka kamar fanka ba. Girgiza sandar sama da ƙasa, idan tana rawa boris ya saki. Mirgina sandar kana kallon bakinta, idan tana lilo ta lanƙwashe, ajiye ta. Dubi zaren da ke shiga hannun feda ko ya cinye. Dubi leɓɓan ƙarfen da ke kama kilit ko sun side sun yi siriri. Sa alanki mai lamba 3 a notin sifirin ka ji yana juyawa yana ƙas-ƙas. A ƙarshe ka tabbata ɗaya tana da R ɗaya tana da L. Na taɓa ganin wanda ya dawo gida da na dama guda biyu daga tarin gwanjo.

Na bakwai: ɗaurawa a keke

Kusan duk keken manya na zamani zaren fedarsa inci 9/16 ne, kuma duk fedar da na ambata wannan girman ne. Kekunan yara da masu hannun feda ƙarfe ɗaya lanƙwasasshe suna da rabin inci, ba za ta shiga ba. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da ke hawa tsofaffin kekunan Faransa na shekarun 1970 su yi hattara: wasunsu suna da zaren Faransa na milimita 14, wanda ya ɗan fi ƙanƙanta, sabuwar feda za ta fara shiga sannan ta cije. Idan ka ga D da G a tsohuwar fedar maimakon R da L, ka kai wa mai gyara ya duba kafin ka matsa.

Fedar hagu zarenta a juye yake. Hanya mafi sauƙin tunawa: ka ɗora sifana tana kallon sama, idan ka tura ta wajen tayar gaba ɗaurewa kake yi, idan ka ja ta wajen tayar baya kwancewa kake yi, kuma haka yake a kowane gefe. Kana bukatar siririyar sifana mai lamba 15, ko alanki mai lamba 6 ko 8 ta bayan hannun fedar, gwargwadon irin fedar. Kafin ka kwance ta dama, mayar da sarƙa kan babban faranti, domin idan hannu ya suɓuce haƙoran ba za su yanke ka ba.

Goge ramin, shafa giris a zaren, ka fara ɗaurawa da yatsu kawai. Idan ba ta shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu ba, tsaya, a karkace take ko ka ɗauko ta wancan gefen. Hannun feda yawanci na alminiyam ne, sandar kuwa ƙarfe, idan ka tilasta hannun ne zai lalace, kuma ya fi fedar tsada. Bayan ta shige sai ka ɗaure tamau da sifana. Shimano yana cewa ƙarfin ɗaurin ya kai niyuton-mita 35 zuwa 55, ga mai sifanar da ke auna shi.

Yanzu, kafin komai, sassauta sifirin har ƙarshen alamar −. M520 tana da noti biyu a kowace feda, ɗaya a kowace fuska, wato huɗu ke nan. Mutane suna sassauta biyu su manta biyu, sai su rasa dalilin da wani lokaci ƙafa take fita da sauƙi wani lokaci ta ƙi.

Na takwas: zaunar da kilit

Wannan ne aikin da ya fi bukatar natsuwa. Sa takalmin, laluba tudun ƙashin da ke gindin babban yatsa, ka yi alama da biro a gefen takalmin. Laluba na gindin ƙaramin yatsa ka yi haka. Cire takalmin, ka haɗa alamomin biyu a ƙasansa. Tsakiyar kilit ya zauna tsakaninsu, ko ya ɗan ja baya. Idan kana shakka, baya ya fi gaba aminci: kilit da ya yi gaba da yawa yana gajiyar da sha-raɓa, yana sa yatsu su mutu.

Sai kusurwa. Zauna a kan tebur ka saki ƙafafu suna reto, ka dubi inda yatsunka suke kallo. Mutane da yawa nasu suna ɗan buɗewa waje. Haka ya kamata ƙafar ta zauna a kan feda, kada ka tilasta mata miƙewa. Kibiya ko tsinin kilit yana kallon gaba. Shafa ɗan giris a noti, ɗaure da alanki mai lamba 4, kana yi ɗaya bayan ɗaya kaɗan-kaɗan har su kama sosai, niyuton-mita 5 zuwa 6.

Ka sake ɗaure su bayan fita ta farko da ta biyu, domin haƙoran kilit suna nutsewa cikin ƙasan takalmi noti ya saki. Ni na yi sakaci da wannan. Wata rana ina dawowa, na murɗa dunduniyar dama zan tsaya, takalmin ya juya amma feda ba ta saki ba. Noti ɗaya ya faɗi a hanya, kilit yana juyawa a kan ɗayan. Allah ya taimake ni ƙafar hagu ta fita, na jingina da katanga na zare ƙafata, na bar takalmin a maƙale. Haka na tura keken da safa zuwa rumfar wani dattijo mai gyaran keke. Ya juya abin yana kallo, ya ce, "Ɗana, wannan kuma wane irin tarko ne ka ɗaura wa kanka?" Na ce, "Baba, noti ne ya faɗi." Ya sa filaya ya kama kilit ɗin ta ƙasa ya murɗe shi ya fita. Tun ranar akwai noti biyu na ajiya a cikin jakar faci ta.

Bayan ka canza feda da takalmi, tsayin sirdi yana iya bukatar gyara da 'yan milimita, domin kaurin da ke tsakanin ƙafarka da sandar feda ya canza. Idan gwiwa ta fara ciwo a gefe, kusurwar kilit za ka duba. Idan a gaba ne, sau da yawa sirdi ya yi ƙasa. Kada ka daure ka ci gaba da hawa da ciwon.

Na tara: koyon shiga da fita

Tsaya a soro ko a zaure, hannu ɗaya a bango. Zura gaban kilit cikin feda, taka dunduniya ƙasa har ka ji ƙas. Murɗa dunduniya waje har ta fita. Yi haka sau talatin ko fiye a kowace ƙafa, har ka daina kallon ƙasa. Daga nan ka tafi filin ƙwallo ko wani fili marar mota, kana tafiya kana tsayawa.

Zaɓi ƙafa ɗaya da za ka riƙa saukewa kullum. Cire ta tun kana nesa da wurin tsayawa, keke yana tafiya, sannan ka karkata jikinka wajenta. Yawancin faɗuwar sababbi iri ɗaya ce: mutum ya cire dama, keke ya karkata hagu. Ba a gudu ake yin ta ba, a tsaye ake yi, amma idan a danja ne kusa da tayar mota, ba ƙaramin hatsari ba ne. Shi ya sa nake cewa ka yi mako biyu kana fita da sassafe a hanyar da ba cunkoso kafin ka shiga gari. Idan ka hango go-sulo, ko yara a bakin titi, ko awaki, cire ƙafa tukuna ka ɗora tsakiyar takalmin a kan feda. Wajen tashi kuma, shigar da ƙafa ɗaya kana tsaye, ɗago fedar sama, taka ka tafi, ɗayar ta shiga daga baya. Idan ba ta shiga nan take ba ka ci gaba da juyawa, gudu ne ke riƙe keke a tsaye.

Bayan wata guda, idan ka ji ƙafa tana fita da kanta lokacin da kake ja da ƙarfi, ƙara sifirin ƙas biyu a kowace fuska, daidai wa daida.

Kula da ita

Ƙurar hunturu ta fi ruwa cutar da wannan feda. Kada ka lafta mata giris ko baƙin mai a waje, domin ƙura za ta manne ta zama kamar sanfefa. Goge ta da tsohon buroshin haƙori, ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan sifirin da mahaɗarsa, ka share ragowar da tsumma. Da damina idan taɓo ya cika ƙasan takalmi, buga gefensa a jikin feda sau biyu kafin ka taka, in tsakuwa ta maƙale kusa da kilit ka cire ta da tsinke. Kada ka bari masu wankin mota su harba mata ruwan inji kai tsaye, yana tura ruwa cikin boris.

Sau ɗaya a shekara, ko idan ta fara rawa, a zare sandar a cika cikin da sabon giris a mayar, tsohon zai fito ta gefe da kansa. M520 tana bukatar wani ɗan makulli na roba mai suna TL-PD40 domin kwance wuyanta, ba shi da tsada, ka haɗa shi cikin odar tun farko, kada mai gyara ya kama wuyan da filaya ya farfasa shi. Kilit na ƙarfe kuwa za ka san ya ƙare idan fita ta fara wuya ko ƙafa ta fara rawa a cikin feda. Na roba mai rami uku, da zarar launin da ke kusurwoyinsa ya side, canza shi. Kafin ka kwance tsohon, zagaye shi da biro a ƙasan takalmin, sabon ya zauna daidai inda gwiwarka ta saba.